Hazon Le Havre da Idon Mutumin Illela

A 1872 Claude Monet ya zana tashar jiragen ruwa ta Le Havre, a gaɓar arewacin Faransa, da sassafe. Da aka baje zanen a Paris a 1874, ɗan jarida Louis Leroy ya yi wa Monet da abokansa ba'a da sunan zanen, kuma daga ba'ar tasa aka samu laƙabin Impressionism. Yau idan an ambaci wannan salo, lambuna da furanni ake tunawa. A ganina an karkatar da tarihin, domin a wurin neman abinci salon ya tsiro.

Duba abin da ke cikin zanen: bututun hayaƙi, injinan ɗaga kaya, ƙananan kwale-kwale, da jar rana a cikin hazo. Monet a Le Havre ya tashi, kuma Eugène Boudin, haifaffen Honfleur a 1824, ɗan matuƙin jirgi, shi ya fito da shi fili ya yi zane a gaban abin da yake kallo. Fentin da ake ɗurawa a bututun kwano, wanda John Rand ya ƙirƙiro a 1841, ya sauƙaƙa fitar. Amma tashar ce ta tilasta saurin hannu. Jirgi ba ya jiran mai zane, hasken ruwa kuma kan sauya kafin a gama haɗa kala, dole a kama siffa a bar ƙananan bayanai.

Mutumin Illela bai rasa wannan ido ba, ko da yake teku ta yi masa nisa. Garinsa mashiga ce tsakanin Sakkwato da Birnin Ƙonni, inda tireloli da shanu da buhunan albasa ke ƙetare iyaka. Da hunturu, ƙura kan dushe rana har a iya kallonta kai tsaye, mota da raƙumi su zama inuwa kawai.

Za a ce kama da wane ba ta wane, kuma gaskiya ne: hazon Le Havre na ruwa ne da hayaƙin gawayi, namu busasshe ne daga Sahara, launinsa ya fi karkata ga ƙasa-ƙasa. Wannan bambancin shi ne hujjata. Ɗalibin zane a Zariya ko Sakkwato da ya kwafi shuɗin Monet ya ɗauki kala ya bar hanya. Abin da Boudin ya koyar shi ne tsayuwa a gaban abin da ake zanawa, kuma a Illela bakin iyaka ne wurin.