Ranar da Man Gyada Ya Tayar da Inji a Paris

Yawancinmu da muka tashi a nan Turai mun san man gyada ne a kicin ɗin Mama, in za a soya ƙosai ko kifi. To a wani darasi a jami'a na gamu da labarin da ya sa na koma kallon kwalbar nan da wani ido daban.

A shekarar 1900, a babban baje kolin duniya na birnin Paris, kamfanin Otto na Faransa ya nuna wani ƙaramin injin dizal da ke aiki da man gyada zalla. Za ku ji ana cewa wai Rudolf Diesel ne da kansa ya yi gwajin. A'a, shi labarin ya bayar a 1912, inda ya ce injin ya yi aiki lafiya lau, har yawancin 'yan kallo ba su ma lura ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, kuma ba don Allah ba. Ƙasashen Afirka da ta mallaka suna da gyada, ga tsadar kai musu kwal ko mai daga Turai. Dabarar ita ce talaka ya noma man da injin mai mulkinsa zai sha.

To me ya hana abin ɗorewa? Abu biyu. Na farko, man gyada ya fi dizal kauri nesa ba kusa ba. Inji ba ya iya fesa shi da kyau, sai ya ƙi ƙonewa duka, ya bar baƙin datti yana toshe hanya. Na biyu kuma kuɗi. Man ƙasa ya yi araha, ita kuwa gyada masana'antun sabulu da na man girki suna rububinta. Shi ya sa da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, gyadar da kakanninmu suka yi ta tarawa, wadda daga baya ta zama dalar gyada, tukwanen Turawa ta nufa.

Matsalar kaurin nan wani masani a Jami'ar Brussels, Chavanne, ya warware ta. A 1937 ya yi rajistar wata hanya: a haɗa manja da sinadarin itanol, a raba man da gilisarin, abin da ya rage sai ya tsinke kamar dizal. A 1938 wata motar fasinja ta yi jigila tsakanin Brussels da Louvain da wannan mai. Manjan kuwa na Kwango ne, wadda Beljiyam ke mulka. Kun ga, labari ɗaya ne.

Daga nan aka yi watsi da batun, sai ɗan abin da ƙarancin mai ya tilasta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai 1973, da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da ƙawayenta mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12. Nan kowa ya tuna da gona. Yau dizal ɗin gidajen mai a Ingila yana iya ɗaukar har kashi 7 cikin ɗari na irin wannan mai, Indonesiya kuwa ta kai kashi 40 na manja a 2025.

Amma fa gonar da ta ciyar da mota ba ta ciyar da mutum ba. A 2007 da 2008 abinci ya yi tsada a duniya, kuma masarar da Amurka ke mayarwa itanol tana cikin dalilan. A Indonesiya an share dazuzzuka masu yawa don dasa kwakwar manja. Shi ya sa masana suka koma neman yin mai da kara, da ɓawo, da tsohon man suya.

Don haka 'yan uwa masu karatun injiniya da kimiyya, in kun ji kamfani zai karɓi dubban kadada a gida don noman mai, ku tambaya: gonar wa, kuma tankin wa zai cika? A 1900 ba wanda ya tambayi manomi.