Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari

A ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila, akwai wani wasa mai daɗaɗɗen tarihi wanda Turawa ke kira golf. Ga yadda a ke yinsa. A kan sami fili mai faɗi, a haƙa ƙananan ramuka goma sha takwas nesa da juna. Mai wasa ya kan riƙa bugun wata 'yar ƙwallo da sanda mai lanƙwasasshen kai, kamar ta ƙwallon gora, har ya jefa ta cikin kowane rami bi da bi. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci.

Mutanen ƙasar sun shaƙu da wasan nan har ya hana su koyon harbin baka. Saboda haka a 1457 Sarki Jemis na Biyu ya yi doka ya hana shi. Dokar ba ta yi tasiri ba, gama a 1502 jikansa, Sarki Jemis na Huɗu, shi da kansa ya sayi sandunan wasan.

Filayen asali suna bakin teku ne, inda rairayi ya yi tuddai da kwazazzabai, iska kuwa ta kan juya ba zato. Ƙarfin hannu kaɗai ba ya isa. Sai wanda ya tashi a wurin ya san inda ƙwallo za ta gangara, da inda ramin yashi ya ɓuya. Shi ya sa baƙo, kome girmansa, ya kan nemi ɗan gari.

Mutanen Edinbara suna ba da wani labari a kan wannan. Wajen 1681 Jemis, ƙanen Sarkin Ingila, yana zaune a birninsu, sai gardama ta haɗa shi da waɗansu manyan Ingilishi biyu game da asalin wasan. Aka shirya a kara a filin Leith, aka sa kuɗi. Jemis bai ɗauki abokin wasa cikin fadawa ba, sai ya aika aka kira wani baduku mai ɗinkin takalma, sunansa John Paterson, wanda ya san filin ciki da bai. Suka ci. An ce da rabon da aka ba badukun nan ya gina gida a babban titin birni. Jemis kuwa ya hau gadon sarauta a 1685.

Filin da ya fi kowane suna shi ne na garin Sant Andrus. Tun 1552 aka rubuta takarda aka tabbatar wa mutanen garin ikon yin wasa a cikinsa. A can ne kuma a 1764 aka rage ramuka daga 22 zuwa 18, duniya ta bi. Har yanzu ba a killace shi don masu kuɗi kaɗai ba, kuma yawancin ranakun Lahadi a kan dakatar da wasa don jama'a su sha iska.

A 1921 wani saurayi Ba'amurke, Bobby Jones, ya zo gasa a filin nan yana ɗan shekara 19. Ya yi suna a gida, amma iska da yashi suka rikita shi, har a rami na 11 ya ɗauke ƙwallonsa cikin fushi ya bar gasar. Daga baya ya kwantar da kai ya koyi halin filin. Da ya komo a 1927 ya cinye gasar, mutane suka ɗauke shi a kafaɗa. Sai ya ce a bar kofin a garin, ba zai tafi da shi Amurka ba.

A 1936, bayan ya bar shiga gasa, ya biyo ta garin kan hanyarsa ta zuwa Jamus, yana nufin ya buga zagaye guda ba hayaniya. Kafin a jima labari ya bazu, masu kantuna suka rufe, dubban mutane suka fito suna binsa rami rami. A 1958, ciwo ya riga ya raunana ƙafafunsa, aka tara jama'a aka ba shi 'yancin zama ɗan gari. Kafinsa Ba'amurke ɗaya kaɗai ya sami wannan girma, watau Benjamin Franklin a 1759. Jones ya rasu a 1971, aka sa wa rami na 10 sunansa.

To, mai karatu, ka ga ɗan sarki ya nemi baduku, gwani kuma ya sha kaye sai da ya ƙasƙantar da kansa. In tafiya ta kai ka wata ƙasa, kada ka rena mai nuna maka hanya ko mai ɗaukar maka jaka, don abin da ya sani ba a karanta shi a littafi. Da ɗan gari a kan ci gari.