Wasiƙar Da Ke Cikin Gafaka

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Ni kuwa ban san nauyin wannan magana ba sai da na waiwayi tarihin gidanmu.

Tun muna yara, a ƙauyenmu da ke kudu da Kano, idan yaro ya tsere daga gona sai a ce ya yi gadon wanda ya yi gabas. Wannan mutum wa ne ga mahaifin kakata, kuma abin da aka riƙe game da shi guda ɗaya ne: ya bar gona da amarya ana dab da shuka, ya tafi bai dawo ba. Wata rana ina koyar da darasin zuwan Turawa, sai na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, ta taɓa cewa ya tafi ne a shekarar da Nasara suka ci Kano. Daga nan na soma bincike.

Turawa sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, sai ya ɗaura niyyar hijira zuwa Makka. Ya ratso ta kudancin ƙasar Kano, kuma duk inda ya bi sai malamai da manoma, har da wasu sarakuna, su bar gidajensu su rufa masa baya. Wannan ya faɗo daidai ƙarshen bazara, wato lokacin da aka ce mutuminmu ya ɓace. A Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, aka gwabza ranar 27 ga Yuli, 1903, inda Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Waɗanda suka tsira suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har ƙasar Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar.

Dacewar lokaci kaɗai ba hujja ba ce, don haka na ci gaba da zagaya dattawa. Bayan wata huɗu, wani baffana ya ciro tsohuwar gafakar kakansa daga cikin adaka. A tsakanin takardun addu'o'i muka tarar da wasiƙar ajami, wadda wani alhajin ƙafa ya kawo a kan hanyarsa ta komowa. Limamin garinmu ya karanta mana. Daga Mai Wurno aka rubuto ta. Mai wasiƙar yana gaida ƙanensa, yana bar masa gonar, yana sawwaƙe wa matarsa, yana kuma neman gafarar mahaifiyarsu. Baffa ya yi shiru, can ya ce, “Ɗana, ashe mun fi shekara ɗari muna cin naman bawan Allah.”

Ba na cewa bai bar baya da ƙunci ba, domin amaryar nan ta sha jira. Amma wanda muke kira rago ya taka ƙasa da ƙafarsa daga Kano har bakin Nilu saboda abin da ya yi imani da shi.

Kirana ga ’yan’uwa marubuta shi ne mu fara daga gida. A tambayi tsofaffi tun suna raye. Ba za su faɗi shekara da lamba ba, sai dai su ce shekarar yunwar Kakalaba ko lokacin yaƙin Boma. Aikinmu ne mu mayar da waɗannan zuwa 1913 da 1914, ko shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, sannan mu gwada da abin da ke Gidan Adana Tarihi na Kaduna da Arewa House. A kuma buɗe gafaka da adaka kafin gara ta riga mu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.