Daga daɓe zuwa karo: tarihin ƙasan ɗaki a kudancin Nijar

Wanda ya taɓa fassara bayanin gida daga Faransanci zuwa Hausa ya san inda alƙalami ke tsayawa in an zo ga kalmar « sol ». In ya ce ƙasa, bai bambanta ɗaki da gona ba. In ya ce daɓe, ya faɗi abin da ya wuce wanda ke cikin Faransancin, domin daɓe sunan aiki ne tun kafin ya zama sunan wuri. A cikin wannan ɗan nazari za mu bi sawun kalmar da aikin da take nufi a garuruwan Damagaram, Maraɗi, Tawa da Yamai, mu ga hannun da aikin ya fita da wanda ya shiga, da kuma ɗakin da ake fifitawa da shi a kowane zamani.

Kalmar da dangoginta

Daɓe ya fito daga aikatau daɓa, wato bugun abu da ƙarfi har ya danne. Siffarsa ɗaya da yaɓe daga yaɓa, da shafe daga shafa, da zane daga zana: dukansu suna nufin aikin, suna kuma nufin abin da aikin ya bari. Sunan kayan aikin, madaɓi, ya bi ƙa'idar da ta ba mu madubi da mabuɗi. Daɓe da makuba suna cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934, amma ƙamus ba ya faɗin ranar haihuwar kalma. Matafiya irin su Barth, wanda ya ratsa Tasawa a 1851 ya kuma isa Damagaram a ƙarshen 1852, idonsu ya fi tsayawa kan ganuwa da kasuwa da fada. Ɗakin mace ba wurin shigar baƙo namiji ba ne, alhali nan ne daɓe mafi kyau yake. Saboda haka madogararmu ita ce harshe, da abin da tsofaffin mata ke tunawa, da abin da ya rage a tsofaffin gidajen unguwar Birni da ta Zango.

Yadda ake daɓe, da ɗakin da ake yi wa

A gidan gargajiya magini da ƴan aikinsa su ke da tubali da yaɓe da rufi. Da zarar sun sauko daga kan katanga, ƙasan ɗaki ya koma hannun mata. Ana daidaita wurin, a zuba tsakuwa ko marmara da aka tankaɗe, a yayyafa ruwa, a bar shi ya kwana ya sha. Washegari matan gida da na maƙwabta su taru, kowace da madaɓinta, su durƙusa a jere suna bugu, ana bi ana yayyafa ruwan makuba. Makuba ɓawon ɗorawa ne da ake jiƙawa ko a dafa har ruwan ya yi ja ya yi kauri. Sinadarin da ke cikinsa dangin wanda majema ke nema ne a cikin bagaruwa. Shi ke ɗaure ƙasar, ya rage mata shan ruwa, ya ba ta launin nan mai duhu da sheƙi. Ɗorawa tana son ruwan sama fiye da wanda Adar ke samu, shi ya sa in aka nausa arewa bagaruwa ke maye gurbinta. Bayan bugu sai guga da dutse mai santsi.

Gayya ce ake yi, ba kuɗi a ciki. Mai ɗakin ko uwar amarya ta tanadi fura da tuwo da goro, kuma ta san ranar da wata za ta kira ta ba ta da uzuri. Bugun madaɓi shi ne kiɗan waƙoƙin daɓe, waɗanda masu nazarin adabin baka suka sani sarai: a cikinsu ake yi wa kishiya da uwar miji habaicin da ba a iya yi da fatar baki. Maza kan bar gidan a ranar, kuma ba don ƙura kaɗai ba.

Ba kowane lungu na gida ake daɓewa ba, kuma zaɓin yana bin aikin wurin. Ɗakin mace, musamman na amarya kafin a yi jere, shi ke samun daɓe na sosai, domin nan ake ajiye gado da kwalla da ƙore, nan yaro ke rarrafe. Turakar maigida tana biye. Zaure sau da yawa yashi mai laushi ake zuba masa, a shimfiɗa tabarmar kaba ko buzu, in ya yi dauɗa a kwashe a kawo sabo; haka ma masallatan unguwa. Madafa ba ta buƙatar komi, ƙasa ce da toka da duwatsun murhu. A makewayi duwatsu ko tsingaro ake jerawa don ruwa ya tsiyaye, ƙafa ta sami wurin tsayawa. Tsakar gida kuwa shara da yayyafi ne gyaranta, safe da maraice.

Kula da daɓe tana da dokokinta da kowace yarinya ke koyo tun tana ƙarama. Ba a daka a kansa, ba a jan akwati, ba a barin ruwa ya kwanta, kuma tsintsiya mai laushi ake sa masa. In gara ta huda ko wani gefe ya fashe, a cike da tsakuwa a buga wurin shi kaɗai. Da rani, kafin ruwa ya sauka, a sake shafa makuba. Daɓe abu ne da ake sabuntawa, kuma mai ɗakin ta iya gyaransa da hannunta ba tare da ta nemi ko tamma ɗaya a wurin miji ba.

Siminti

Siminti ya shigo da mulkin mallaka. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma garin ya riƙe matsayin babban birni har 1926 da aka koma Yamai. Sai dai kaya masu nauyi ta kudu suka fi zuwa, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Harshe ya riƙe wannan shaida: ko a nan, inda lakwal ke koyar da Faransanci, siminti muke cewa, kalmar da aka aro daga Ingilishi. Da farko ofisoshin gwamnati da kantunan kamfanoni irin su CFAO da SCOA da ma'ajiyar gyaɗa kaɗai ke da shi. A Maraɗi ambaliyar 1945 ta rushe tsohon gari da ke cikin gulbi, aka koma kan tudu aka yanka filaye. Can ne, da kuɗin gyaɗa da fatauci, attajiran da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, alhazan Maraɗi, suka yi gidajen da sauran jama'a suka riƙa kwaikwayo. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a cikin shekarun 1960, ta Sakkwato a 1967, sannan kuɗin uraniyom na shekarun 1970 suka ba ma'aikata halin sayen buhu.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne kalmar ba ta mutu ba. Daɓen siminti ake cewa har yau, ko da yake ba a bugun komi, zubawa ake a lallaɓe da cokalin magini. Sunan ya tsaya, aikin ya sauya hannu: ya bar mata ya koma ga maza, ya bar gayya ya koma ga kuɗin aiki. Matar da a da ke gyara ƙasan ɗakinta yanzu sai ta jira maigida ya sayi buhu ya kira magini. In kuma an yi rowar siminti aka cika yashi, kamar yadda aka yawaita yi bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, daɓen kan fashe cikin shekara biyu ko uku, ya riƙa tashi gari, kuma facin siminti ba ya kama tsoho kamar yadda tsakuwa ke kama ƴar'uwarta.

Mata ba su saki gaba ɗaya ba. Leda, wadda ita ma sunanta daga Ingilishi yake, da kafet ko moket, sun shiga cikin kayan ɗakin da iyayen amarya ke saye. Ta wannan hanya ƙasan ɗakin amarya ya dawo wuyan danginta, amma yanzu daga aljihu. Leda tana rufe aibin siminti, sai dai tana ɓoye danshi da ƙwari a ƙarƙashinta, ta kuma yage a bakin ƙofa. Moket a ƙasar da hunturu ke kawo ƙura wata uku wahala ce da ba mu ga dalilinta ba, ko da yake mun san ba za a saurare mu a ranar jere ba.

Karo, wanda a Nijeriya ake ce wa tayil, ya yaɗu daga shekarun 2000, lokacin da na Sin mai araha ya cika kasuwa ta hanyar Kwatano da Lome. Da shi tsarin fifiko ya juya. Mai ƙaramin ƙarfi da ya iya sayen na ɗaki ɗaya, a falo yake sa shi, inda baƙo zai gani, ɗakin mata ya tsaya da siminti da leda. Zaure ya gaji matsayin da ɗakin amarya ke da shi. Kulawar ma ta sauya: ruwa da sabulu da tsumma kullum, a garuruwa irin su Damagaram inda ruwan famfo ya daɗe yana wuya. Yashin da takalmi ke shigowa da shi yana kankare sheƙin, kuma wanda ya sa karo mai santsi a makewayi maimakon mai kaushi ya shirya wa tsofaffin gidan faɗuwa.

Abin da takardar ƙidaya ba ta gani

Tun binciken lafiya da yawan jama'a na 1992, da na 1998, 2006 da 2012, ana tambayar kowane gida irin ƙasan ɗakinsa, kuma amsar tana shiga lissafin arziki. Gurabun da aka tanada su ne « terre/sable », kashin shanu, katako, siminti, karo, moket da makamantansu. Ma'aunin talauci da PNUD da jami'ar Oxford suka fitar a 2010 ya ɗauki ƙasa da yashi a matsayin alamar rashi. Akwai hujja a ciki, kuma ba za mu musanta ta ba: a Mekziko, binciken da aka wallafa a 2009 kan shirin Piso Firme ya nuna cewa zuba siminti a ɗakunan ƙasa ya rage wa yara tsutsar ciki da zawo da ƙarancin jini. Ƙasa sako-sako ba ta wankuwa.

Amma daɓen makuba ba ƙasa sako-sako ba ne, kuma takardar ba ta da gurbinsa. Ɗakin da mata goma suka yini suna bugu, da rumfar da aka kafa jiya a kan rairayi, lamba ɗaya mai ƙidaya ke ba su. Wannan kuskuren fassara ne kafin ya zama kuskuren lissafi, kuma yana da sakamako, domin abin da ba shi da suna a takardar hukuma ba a gwada shi, ba a koyar da shi, ba a sa masa kuɗi. A Ruwanda, ƙungiyar EarthEnable tana yin daɓen ƙasa da ake rufewa da mai tun 2014, ana kuma karɓarsa a matsayin sabuwar dabara. A nan, ɗorawa ta ragu bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, matan da suka san gwargwadon makuba da ruwa suna tsufa, waƙoƙin kuma sun fi yawa a kundayen ɗalibai bisa ga bakin mata.

A gidaje da dama na Maraɗi da Yamai da aka malale tsakar gida da siminti ko karo, mun lura da wani ɗan fili, bai fi taki biyu ba, da aka bari ƙasa tsura kusa da madafa. Matan gidan ne ke hana magini rufe shi, domin nan ake girke turmi: siminti ba ya jure taɓarya.