Hutu a atisayen ƙarfafa jiki

Hutu a atisayen ƙarfafa jiki shi ne tazarar da ake bari tsakanin zagayen ɗaga nauyi, ko tsakanin ranakun atisaye. Ɗaga ƙarfe kan ɗan yayyaga zaren tsoka, a lokacin hutu ne jiki ke gyara shi ya ƙara kauri. Masana kan ba da shawarar minti 2 zuwa 3 tsakanin zagaye masu nauyi, da awa 48 kafin a sake wahalar da tsoka ɗaya.

A Wurno, Rabah da Goronyo, inda matasa da yawa ke noman rani a fadama, yinin ban-ruwa ba ya shiga lissafin hutu, ko da ɗan kokawa bai taɓa ƙarfe ba. A Afrilu zafi kan haura digiri 40, ƙishirwa kuma tana jinkirta farfaɗowa.