Tarihin Awon Matakala a Ƙasar Kano

Ɗankaza tana cikin ƙasar Wudil, gabas da birnin Kano. A zamanin da, mutumin wannan yanki yana iya tsufa bai taɓa hawan bene ba, sai ko in wata bukata ta kai shi birni. Abin hawan da aka sani shi ne tsani, wanda ake jinginawa a hau rumbu, ko a hau soro a gyara indararo kafin damina. Yanzu kuwa, tun da aka buɗe jami'ar kimiyya a Wudil cikin shekarar 2001, benaye na siminti suna ta ƙaruwa, masu hali na ƙauyuka kuma suna kwaikwayo. Saboda haka ya kamata a san asalin matakala a ƙasar nan, da wanda ke da alhakin duba ta.

Bene tsohon abu ne a birnin Kano. Wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya iso Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga gidaje na ƙasa masu babban ɗaki a tsakiya inda ake karɓar baƙi, da matakala wadda ke kai mutum ɗakunan sama, masu 'yan ƙananan tagogi. Bayansa Barth ya zo a 1851, shi ma ya ga benayen, amma bai yaba da su ba, ya ce ba su daidaita ba, iska kuma ba ta shigarsu sosai. Masu irin waɗannan gidaje sarakuna ne da attajirai, da Larabawa fatake mazauna wajen Dala.

To, magina na wancan zamani ba su da inci, ba su da ƙafa. Awonsu a jikinsu yake: kamu, da taƙi, da gaba. Sana'ar gado ce, ɗa ya koya wajen ubansa, Sarkin Magina kuwa shi ne shugabansu. Azara ita ke yanke wa magini hukunci, gama ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta wuce misalin ƙafa shida, sai an yi mata dabara. Don haka matakala takan zama 'yar siririya a jikin bango, mai tsini, mai duhu. Magini yakan jera tubali, ya taka da ƙafarsa ya ji, in bai yi masa daɗi ba ya ƙara ƙasa ko ya kankare. Wannan matakala tana da aibu da yawa, amma tana da kirki guda: ƙasa ce. In mataki ya zaizaye, ko aka ga yana kada mutane, sai a kwaɓa ƙasa a gyara shi ran da ake yaɓen shekara.

Shari'a ba ta bar masu gini sakaka ba, sai dai idonta yana kan maƙwabci ne. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an hana mutum ya buɗe taga inda zai riƙa leƙen gidan maƙwabcinsa. Saboda haka in an kai ƙarar mai bene gaban alkali, galibi a kan tsinkayen iyalin wani ne, ko a kan indararon da ke zuba a bangon wani. Tsayin mataki kuwa an bar wa mai gida da magininsa.

Turawa suka ci Kano a 1903. A 1917 suka yi dokar garuruwa, wadda ta ba su ikon tsara wuraren da ke bayan ganuwa, kamar unguwar Turawa da Sabon Gari. Cikin birni da ƙasashen hakimai, har da Wudil, suka zauna a hannun En'e. A wannan zamani ne aka san duba-gari, mutumin da ya riƙa shiga gidajen talakawa da sunan hukuma. Tsofaffi ba su manta da shi ba. Yakan leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba salga da kwata da juji, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. Cuta aka aiko shi nema, ba karaya ba. Yana iya wucewa ta gindin matakalar da za ta karya wuyan mai gida, bai ko ɗaga kai ba. Dokar tsara birane ta 1946 ita ma hankalinta yana kan hanyoyi da filaye.

A ƙasashen Turai kuwa an daɗe ana lissafin wannan abu. Wani gwanin gini na Faransa, sunansa Blondel, ya rubuta littafi wajen 1675, ya lura cewa takun mutum yana da iyaka, kuma hawa sama ya fi tafiya gaba wuya ninki biyu. Sai ya ce a ninka tsayin mataki biyu, a haɗa da faɗin wurin da tafin ƙafa ke sauka, jimla ta zama inci 24 na ƙasarsu, watau misalin inci 25 da rabi na Ingila. Har yau magina masu ilmi suna aiki da wannan lissafi.

Daga nan aka mai da lissafin doka. A Amurka, littafin dokar gina gidajen zama da yawancin jihohinsu ke bi, wanda aka fara bugawa a 2000, ya ce kada tsayin mataki ya wuce inci 7¾, kada faɗinsa ya gaza inci 10. Faɗin matakalar kanta ƙafa uku ne a ƙalla, daga mataki zuwa rufi ƙafa 6 da inci 8, don kada dogo ya buga goshi. In matakai sun kai huɗu, tilas a sa abin dafawa, mai tsayin inci 34 zuwa 38. A Ingila an ɗan sassauta: tsayi kada ya wuce milimita 220, faɗi kada ya gaza haka.

Amma wadda ta fi duka hikima ita ce ƙa'idar daidaito. Dokar Amurka ta ce bambancin da ke tsakanin mataki mafi tsawo da mafi gajarta kada ya wuce sulusi da ɗan ɗori na inci, watau ⅜. Dalili kuwa shi ne, ƙafa ba ta da ido. In mutum ya taka biyu ko uku, ƙafarsa ta riƙe awon, sai ya ci gaba yana taɗi ko yana ɗauke da kaya, bai duba ƙasa ba. In na bakwai ya ɗara 'yan'uwansa da inci guda, nan zai yi tuntuɓe. Mai saukowa ya fi shiga haɗari, balle tsoho, ko mai ciki, ko mai babbar riga da ya fito da asuba babu fitila. Don haka mai duba gidaje a can, in za a sayi gida, yakan auna matakai ɗaya bayan ɗaya.

A Nijeriya an sake dokar tsara birane a 1992, sa'an nan a 2006 gwamnatin tarayya ta fito da kundin dokar gini na ƙasa baki ɗaya, amma ba ya aiki a jiha sai ta karɓe shi cikin dokokinta. A Kano, hukumar KNUPDA ita ke duba taswirar gini kafin a ba da izni. Sai dai taswira takarda ce. Wanda ke yanke awon gaskiya shi ne kafintan da ke buga katako kafin a zuba kankare, shi kuwa mai gida yake ji.

Ga inda cikas ke fitowa. A ce daga daɓen ƙasa zuwa na sama ƙafa goma ne, watau inci 120. In kowane mataki inci 7½ ne, za a sami hawa 16, su kuwa suna bukatar fili mai tsawon ƙafa 12½. Mai gida ya ga wannan fili ya isa shago, sai ya ce a matse. Kafinta ya mai da hawan 12, kowane ya koma inci 10. Bayan shekara a zo a shimfiɗa tayil a ƙasa ba a sa wa matakala ba, na farko ya gajarce. Maginin Dala in ya yi irin wannan kuskure, kwandon ƙasa biyu ya ishe shi gyara. Na kankare da rodi kuwa, in ya kwana bakwai da zubawa, sai an kawo guduma.