Daura: Yadda Sunan Gari Ya Zama Sunan Iyali

'Yan'uwa mazauna Legas, Kaduna, Abuja da sauran birane, da yawa daga cikin 'ya'yanmu a yau suna rubuta "Daura" a ƙarshen sunayensu, alhali wasunsu ba su taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba. Ya kamata mu san inda wannan suna ya samo asali, da hanyar da ya bi har ya shiga takardunmu.

Tarihin baka da muka gada ya nuna cewa sunan mace ne tun farko. Magajiya Daurama ce ta taso da mazaunin sarauta daga Tsohon Birni zuwa inda garin yake a yanzu, garin kuma ya ci sunanta. A zamaninta ne Bayajida ya sauka, ya kashe macijin da ya hana jama'a ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a. Daga zuriyarsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

Duk da wannan daɗewa, kakanninmu ba su ɗauki Daura a matsayin sunan iyali ba. Mutum yana da sunan yanka, sai a haɗa masa da na mahaifinsa, ko laƙabin ranar haihuwa kamar Ɗanjuma da Ɗanladi, ko na sana'a kamar Maƙeri da Majemi. A cikin gari babu mai bukatar a kira shi da sunan garin, domin kowa ɗan gari ne. Sai wanda ya fita fatauci ko almajiranci ake ce wa "na Daura", jama'arsu kuma a ce Daurawa. Wannan al'ada tana da tushe a wajen malamai. Imam Bukhari ya sami laƙabinsa ne daga birnin Bukhara da ke ƙasar Uzbekistan ta yau, kuma sunansa ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ci, wanda aka haifa a Daura a 1942, aka binne shi a cikinta a 2025.

Rajistar makarantar boko ce ta sauya lamarin. Bayan da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma kafa Kwalejin Katsina a 1921, sai yara daga garuruwa daban-daban suka riƙa haɗuwa a aji guda. Idan aka sami Muhammadu biyar da Abubakar huɗu, hanya mafi sauƙi ga malami ita ce ya liƙa wa kowa sunan garinsu. Ta wannan al'ada ƙasa ta san Abubakar Tafawa Balewa, Sa'adu Zungur, Aminu Kano da Shehu Shagari. Mu da muka riƙe rajista shekaru da dama mun ga yadda sunan da aka rubuta wa yaro ranar shigarsa aji ɗaya yake binsa har takardar fansho.

Haka namu sunan ya bazu. Malam Mamman Daura ya yi editan jaridar New Nigerian, Alhaji Sani Zangon Daura ya zama minista a 1999, Lawal Daura kuma ya shugabanci hukumar tsaro ta farin kaya daga 2015 zuwa 2018. Wasu sun zaɓi sunayen Baure, Sandamu, Mai'aduwa da Zango, waɗanda tare da Daura suka cika ƙananan hukumomi biyar na masarautar. Daga baya fasfo, katin shaidar ɗan ƙasa da lambar banki ta BVN da aka soma a 2014 suka daskarar da sunan, ya zama gado. Jikan da aka haifa a Agege yana amsa Daura domin haka aka rubuta wa kakansa.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A yankin Konwal na kudu maso yammacin Ingila, sunayen iyali da yawa, irin su Trelawny da Penrose, sunayen gonaki da ƙauyuka ne tun asali. Masu haƙar ma'adinai na yankin sun kai su Amurka, Ostireliya da Afirka ta Kudu a ƙarni na 19, kuma jikokinsu suna iya gano tushensu saboda littattafan haihuwa da aure da aka adana. Bambancinmu da su ke nan. Sunan gona yana nuna gida ɗaya, amma Daura gari ne mai unguwanni da zuriyoyi masu yawa, mutum biyu na iya amsa shi ba tare da sun haɗa kaka ba.

Hausawa na cewa tushiya mafarin dawa. Idan muka bar wa jikokinmu kalmar Daura kaɗai, za su san gari amma su rasa gida. Don haka muna kira ga kowane magidanci da ya zauna da dattawan gidansu tun suna raye, ya rubuta sunayen iyaye da kakanni gwargwadon abin da aka tuna, da unguwarsu, da sana'arsu ko sarautarsu, ya ba kowane ɗa kwafi. Idan an zo hutun Salla ko bikin Gani, a kai yara su ga zauren kakansu, su sha ruwan Kusugu. Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ƙara wa masarautar Daura ɗaukaka.